Haƙora Biyu

Hausawa na cewa gaggawa aikin Shaiɗan, kuma mu dai mun ga gaskiyar wannan magana da idonmu a hunturun shekarar 2023, a nan Ruwan Bore ta ƙasar Gusau.

Mun daɗe muna burin buga wa ɗalibanmu 'yar mujallar da za ta ɗauki gajerun labaransu da waƙoƙinsu, har da bango mai launi. Kai aiki Gusau kuwa kullum kuɗi ne. Don haka muka zuba adashe na wata bakwai, muka ƙudura mu haɗa kwamfuta da hannunmu, tunda an ce ta fi sauƙin kuɗi. Wani tsohon ɗalibinmu mai gyaran waya shi muka danƙa wa kuɗin, ya bi ta Tsafe da Funtuwa har Kano, ya sayo kayan a titin Beirut. Cikinsu har da katin hoto na gwanjo, AMD RX 580, wanda aka fara fitarwa a 2017. Shi ne mafi tsada a cikin kayan.

Muka haɗa komai, muka ta da janareto. Allo ya kawo haske, amma da muka duba jerin kayan da Windows ta gani, ko sunan katin babu. Ashe wayar allon a jikin babban faifan kwamfutar muka soka ta, hoton da muke gani na furosesa ne. Muka mayar da ita jikin katin, sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Kwana uku muna fama. Muka zare katin, muka goge bakinsa mai ruwan zinari da abin goge fensir, muka hure ƙurar hunturu daga gurbinsa, muka danna shi har makullin gurbin ya yi ƙara. Shiru. Muka shiga BIOS muka umarce ta da ta fara neman hoto daga gurbin PCIe. Shiru. Direban katin ma da muka sauko da shi ya ƙi zama, ya ce bai ga abin da zai tuƙa ba.

A nan ne, ya kai mai karatu, muka tafka kuskuren da ya sa muka ɗauki alƙalami. Muka buga wa yaron nan waya, muka ce ya sayo mana mushe, har muka yi masa shaguɓe kan canjin da ya rage. Bai ce komai ba sai, "Allah ya huci zuciyarka Malam, gobe ina nan tafe."

Da hantsi sai ga shi a kan babur, ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya haska fitilar wayarsa cikin akwatin. Bai yi minti biyu ba ya ɗago. "Malam, katin nan yunwa yake ji." Ya bayyana mana cewa gurbin da katin ke zaune wat 75 kaɗai yake iya bayarwa, shi kuwa wannan yana shan kusan wat 185, saboda haka sai an ƙara masa wuta ta wata kafa mai ramuka takwas. Wayar da ta fito daga akwatin wutar kai biyu gare ta, mai haƙora shida da wani ƙarami mai biyu. Mun soka shidan, biyun kuma, saboda son tsafta, mun naɗe su da kyauro a gefe. Ya haɗa su, ya kunna. Fanka ta juya, hoto ya fito tar.

Kunya ta rufe mu. Mu da muke tsayawa gaban allo muna cewa kada ɗalibi ya amsa tambaya sai ya karanta ta har ƙarshe, mu ne muka yanke wa bawan Allah hukunci ba mu gama bincike ba. Muka nemi gafararsa a gaban waɗanda suka ji zargin, ya sunkuyar da kai ya ce ai uba ba ya laifi.

'Yan'uwa marubuta, sau nawa muke ɗora wa edita ko maɗaba'a laifin ƙin karɓar aikinmu, alhali ba mu koma mun duba rubutun layi-layi ba? Mujallar dai ta fito kafin hutun ƙarshen shekarar karatu, kuma sunan yaron ne na farko a shafin godiya. Allah ya sa mu riƙa duba namu kafin mu tuhumi na wani, amin.