Girman Bututu: Tsawo, Kauri ko Faɗi?

Ƙanena ma'aikaci ne a wata masana'antar matse man gyaɗa, shi ke kula da tukunyar tururi. Wata rana ya kawo mini takardar umarni da Faransanci, ya ce: "Yaya, mayar mini da wannan Hausa don yarana su gane." Na ɗauka aikin yamma ɗaya ne, sai kalmar "girma" ta kayar da ni.

Na rubuta cewa a zaɓi bututu mai girma. Da ya karanta, sai ya girgiza kai: "Wane girman? Tsawo, ko kauri, ko faɗi?" Gaskiyarsa. Kauri na jikin ƙarfe ne, shi ke jure matsi. Faɗi kuwa na cikin bututu ne, shi ke ba tururi hanya, kuma shi ake lissafawa da farko.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Lita 1 ta ruwa, in ta zama tururi a digiri 100, takan cika wajen lita 1,700. In agogon matsi ya nuna bar 7, tururin nan ba zai wuce kimanin lita 240 ba. Don haka sai an san matsi da yawan tururi kafin a zaɓi faɗi. Injiniyoyi sukan so gudun tururi ya tsaya tsakanin mita 25 zuwa 40 a daƙiƙa.

In bututu ya ƙuntata, gudun ya wuce kima, matsi ya ragu kafin tururi ya isa inda ake bukatarsa, ɗigon ruwan da ke cikinsa kuma ya riƙa cin gwiwar bututu. In ya yi faɗi da yawa, an yi asarar kuɗi, zafi ya tsere ta jikin ƙarfe, ƙarin tururi ya koma ruwa. Ruwan nan in ya taru, tururi kan ingiza shi ya daki bawul kamar guduma, har ƙarfe ya tsage a gaban mutum. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na soke "girma", na rubuta "faɗin ciki". Da na bar ta, da wani yaro ya sayo bututu mafi faɗi yana ganin ya kyauta. Tun daga ranar nake ce wa ɗalibaina: in ƙamus ya ba ku kalma, ku kai wa mai sana'ar ya duba kafin ku amince da ita.