Abin da Na Gani a Ajin Turanci na Damagaram

Yawancin matasan da ke tambayata yadda ake samun aikin koyar da Turanci a ƙasar waje, hankalinsu yana kan Sin ne, ko Turkiyya, ko ƙasashen Larabawa. Ni a Nijar na yi nawa aikin, kuma abin da idona ya gani a can shi zan faɗa musu.

A 2014 na tafi Damagaram, daf da komawa makaranta, wadda a can cikin Oktoba ake yi. Daga Kano muka bi ta Kazaure da Daura, aka duba takardunmu a Kongolam, muka tsallaka Ɗan Barto, sai Matamaye, sai birnin. Ko yini guda tafiyar ba ta ci ba. Hausar da na baro a tashar Kano ita na tarar a tashar Damagaram, tuwon ma shi ne. Sai da na shiga harabar makarantar kuɗin da ta ɗauke ni na san na bar gida.

Tsarin karatunsu na Faransa ne. Yaro zai yi shekara shida a firamare da Faransanci, ya shiga kwaleji ya yi huɗu, ajujuwan kuma saukowa lissafinsu yake yi, daga aji shida zuwa aji uku, inda ake zana jarrabawar BEPC. Daga nan sai shekara uku ta lise, sai bakalorya. Maki a kan ashirin ake ba da shi, goma ce iyakar tsira. Turanci kuwa sai a shekarar farko ta kwaleji ake fara shi. Yaron da ke gabanka ɗan shekara sha biyu ko sha uku ne, a gida yana jin Hausa ko Barbarci ko Fillanci ko Buzanci, a makarantar allo ya sha Larabci, a boko yana kokawa da Faransanci, kai kuma ka zo masa da na huɗu. In ya fita ajinka ba zai ga Turanci a allon shago ba, malamin lissafi ba zai yi masa magana da shi ba. Mu a Najeriya titi da rediyo da sauran darussa suna taya malamin Turanci aiki. A can kai kaɗai ne, da 'yan sa'o'in da aka yanka maka a mako.

Akwai wani dattijo a makarantar, ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya dawo yana koyarwa, kowa Mushe yake ce masa. Ranar da aka gabatar da ni ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kafin a ba ka naka ajin, zo ka zauna a bayan nawa." Na je na zauna. Yara uku uku a benci, littafin English for the Sahel guda ɗaya a tsakaninsu. Dattijon ya shigo da tsohuwar jaka, ya zazzage ta a kan tebur: cokali, hula, kofin silba, takalmin yaro, kwalin sukari. Ya ɗaga hula ya faɗi jimla guda, aji ya maimaita. Layin dama ya tambayi layin hagu, na hagu ya amsa. Sai ya sa kowa ya juya ga na kusa da shi, ajin ya kaure da surutu, shi kuma yana zagayawa yana kasa kunne, ya gyara wa wannan, ya dafa kafaɗar wancan. Allo bai taɓa shi ba sai da saura kaɗan a tashi, ya rubuta layi huɗu suka kwafa. Turancinsa da ƙamshin Faransanci, wani harafi da mu muke furtawa a farkon kalma shi sau da yawa haɗiye shi yake yi. Amma yaransa suna magana, kuma suna cin jarrabawa.

Da muka fito ya ce mini, "Kai ka riga ka iya. Duk lokacin da bakinka ke motsi nasu yana rufe, kuɗin iyayensu kake ci." Ya ba ni labarin cewa shi ma wani ɗan sa-kai Ba'amurke ne ya koya masa a ƙuruciya, cikin 'yan Peace Corps da suka fara zuwa Nijar a 1962, aka janye su a farkon 2011 saboda matsalar tsaro. Abin da ya riƙe daga malamin nan shi ne yadda yake shirya darasi tun da dare, ya san me yaro zai iya faɗa a ƙarshen sa'a wanda bai iya ba a farkonta.

A shekarar da na je akwai wani ɗan uwanmu da ya zo daga Najeriya, da digirinsa na Turanci, in yana magana sai ka so ka tsaya ka saurara. Iyaye sun yi murna, don a ganinsu Turancin ɗan Najeriya shi ne na asali. Yana shiga aji sai ya cika allo da ma'anar suna da aikatau da sifa, yadda aka koya mana a jami'a, yara su kwafa da kyakkyawan rubutun nan nasu, su tashi ba su buɗe baki ba. Faransanci kuwa ya ce ba shi ya kawo shi ba. To da shi ake taron malamai, da shi ake cike littafin aji da kowane malami ke rubuta abin da ya koyar ya sa hannu, da shi mai duba malamai zai yi maka tambaya in ya zo. Kullum sai ya nemi tafinta. Da makin farko ya fito iyaye suka fara zuwa wurin darakta. Bai kai ƙarshen shekara ba. Na ji zafin tafiyarsa, don mutumin kirki ne kuma yana da ilimi. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa koyar da harshe ga wanda bai taɓa jin sa ba sana'a ce mai zaman kanta.

Ni Mushe ne ya haɗa ni da wani ɗalibin lise, ina koya masa Turanci bayan la'asar, yana koya mini Faransanci. Hausa kuwa ta yi mini rana ƙwarai wajen iyaye da 'yan gari, amma a aji takatsantsan ake yi da ita. Da zarar yara sun gane za ka fassara musu komai, sun daina sauraron Turancin, fassarar suke jira.

Sai maganar kuɗi, wadda matasa ke jin nauyin yi kafin su tafi. Makarantar da sa'a take biya. Sa'ar da ka koyar ita ce taka. Ranar hutu babu, ranar da ka kwanta zazzaɓi babu, daga Yuli har ƙarshen Satumba kuwa babu ko dala. An yi mana alkawarin ɗaki da baki, aka ce za a gani, har muka gaji muka kama haya. Ga ruwa: duk wanda ya zauna Damagaram ya san ƙishinta, in bazara ta yi tsanani famfo sai ya ɗauke, kuɗin 'yan garuwa ya shiga lissafinka na wata. Abin da ya riƙe mu shi ne darasin dare. 'Yan kasuwa masu zuwa Kano da Dubai, ɗalibai masu neman jami'o'in Najeriya da Ghana, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu neman aiki a matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, duk suna son Turanci, kuma kowa da irin nasa. Wani Alhaji ya ce mini, "Malam, ni ciniki nake so in iya, da yadda zan amsa wa jami'in filin jirgi." Shi na koya masa, ya biya da daɗin rai, ya kawo abokansa.

A 2016 naira ta faɗi, mu masu karɓar sefa muka ga abin da muke aikawa gida ya yi auki, don sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan kowane ɗaya. Mushe ya ce kada mu saki jiki. Yana aiki a Janairun 1994 lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya, ya ga malamai baƙi da suka tattara suka koma. Wanda zai yi aiki a waje ya tambayi da wane kuɗi za a biya shi, da ta wace hanya zai aika gida.

Takardu ma haka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga mu zauna kwana casa'in ba biza, wasu suka ɗauka izinin aiki ke nan har abada. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ina can, na ga malamai da iyalinsu ke Daura da Katsina suna bin hanyar daji a kan babur don su ga 'ya'yansu. Bayan na dawo aka yi juyin mulkin Yulin 2023, aka sake rufe iyaka, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Mai tafiya yau ya bincika dokar yau, kada ya dogara da labarin wanda ya je shekara goma da ta wuce, ko da ni ne.

Masu hangen nesa kuma, ga abin da ya sami wani abokin karatuna. Dillali ya karɓi kuɗin filin gadonsa, ya tura shi wata ƙasar Asiya da bizar ziyara, ya ce can za a gyara. Ya yi ta koyarwa a ɓoye, ana biyansa ƙasa da abokan aikinsa farar fata, in an hana shi albashi ba shi da inda zai kai ƙara. A kasuwar nan fasfo yana gaba da iyawa. Koriya ta Kudu, misali, bizarta ta malaman Turanci ta E-2 ta ginu ne a kan 'yan ƙasashe bakwai, kuma a Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. Duk dillalin da bai faɗa maka irin wannan ba, kuɗinka yake so. Hanyoyi masu tsabta suna nan: shirin Technical Aid Corps da gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987 yana tura malamai da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Takardar CELTA ta Cambridge tana da tsada, amma sai an ga ka koyar a gaban ɗalibai na gaske ake ba da ita, ba kamar waɗanda ake sayarwa a intanet cikin kwana biyu ba.

A Maris 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Buƙatar malaman Turanci a can za ta ƙaru, kuma babu wanda ya fi ɗan Kano ko Katsina ko Sakkwato kusa da wannan aiki. Ƙanena da ƙanwata masu niyya, ku fara samun aji a unguwarku ku koyar ko da zango biyu ne, ku zauna a bayan ajin tsohon malami, ku koyi harshen da ake aiki da shi a inda za ku. Kada ku hau mota sai kun ga albashi da masauki da kuɗin hutu a rubuce, da sa hannu.