Mun Sauya Kwamfuta, Ina Makomar Lasisinmu?



Yawancinmu da kwamfuta ta hannu muke buga labaranmu. Ranar da ta gaji muka sayi wata, sai tambaya ta taso: lasisin Windows ɗinmu zai biyo mu?

Ya danganta da irinsa. Wanda ya zo da kwamfutar daga kamfani, wato OEM, a ɗaure yake da babban allon cikinta. Tun daga Windows 8 ma a jikin allon ake adana mabuɗin, don haka inda na'urar ta mutu nan ya tsaya. Wanda muka saya daban kuwa, wato Retail, muna da damar mayar da mabuɗinsa mai haruffa da lambobi 25 kan sabuwar, muddin mun cire shi daga tsohuwar. Kafin mu sauya, mu haɗa shi da asusunmu na Microsoft don tabbatarwa ta zo da sauƙi. Umarnin slmgr /dli yana nuna wane iri muke da shi.

Idan bai biyo mu ba, ba za a rasa mai tayin sa mana na sata ba. Nan ya kamata mu yi tunani. Mu ne masu kuka idan aka yaɗa littafinmu a WhatsApp ba izini. Ga shi irin waɗannan manhajoji kan zo da cutar da za ta cinye rubutun shekara guda. Arha ba ta ado.

In aljihu bai kai ba, Linux Mint da LibreOffice kyauta ne, halal ne, kuma suna karɓar ƙ, ɗ da ɓ.