Wanda Ya Zo Da Yamma Ma Ɗan Gida Ne

Tun jiya raina ke ɓace kan wata magana da ba ta rabuwa da bakin wasu masu bi duk sa'ad da aka yi wa dattijo baftisma: wai tsoron kabari ne ya koro shi, ko kuma da abin da yake nema. Masu bin rubutuna sun san na sha taɓo wannan batu, amma tunda ba a daina ba, ni ma ba zan yi shiru ba. Da 'yan'uwana na ikilisiya nake, ba da kowa ba.

Mu yi lissafi da gaskiya. Wanda aka haifa a gidan masu bi ya tarar da tabarma a shimfiɗe: makarantar Lahadi, waƙoƙin da ya haddace a bayan uwarsa, dangin da za su yi murna ranar baftismarsa. To Bamaguje mai shekara 60 a karkarar Malumfashi fa? Ranar da ya ce ya bi Yesu, ya san zai iya rasa bakin magana a taron dangi, gayyar gonarsa ta watse, a daina neman shawararsa kan auren 'ya'yan ƙannensa. Har tunanin wanda zai ɗauki gawarsa sai ya yi. Mai neman abin duniya ba ya sayen irin wannan asara da kansa. Sannan ya shigo majami'a, ya zauna a bencin baya, ya buɗe Littafin Waƙoƙi alhali bai iya karatu ba, yana motsa leɓe don kada a gane. A ajin baftisma kuma a haɗa shi da sa'o'in jikokinsa, a tambaye shi aya, ya kasa, yara su yi dariya. Wanda ya daure wa wannan mako bayan mako, da wane baki za mu ce bangaskiyarsa ba ta kai tamu ba?

Za a ce ai ya gama cin duniyarsa, saura ya kawo wa Allah. Wannan gunagunin ne Yesu ya amsa a Matiyu sura 20, inda mai gonar inabi ya biya waɗanda ya ɗauka da yamma daidai da waɗanda suka sha rana tun safe. Ibrahim ma yana da shekara 75 aka kira shi daga Haran. Kuma mu tuna asalinmu. Sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, bayan aikin su Likita Mila na Wusasa, ikilisiyar ECWA kuwa sai 1954 ta tsaya da ƙafarta. Kusan kowane gidan masu bi a ƙasar nan, in an bi salsala, za a tarar da kaka ko kakan kaka da ya fara jin bishara da girmansa. Da an yi masa irin tarbar da muke yi yau, da ba mu nan.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, ba zan kauce masa ba: dattijon da ya zo da mata biyu ko uku. Wasu na tsoron in an karɓe shi, koyarwar mace ɗaya za ta yi rauni. Tsoron na da dalili. Amma ku duba yadda Anglika suka yi. A taron bishop-bishop na Lambeth na 1888 sun hana irin wannan mutum baftisma. Bayan shekara 100, a 1988, suka amince a yi masa tare da matansa da 'ya'yansa masu ba da gaskiya, bisa sharaɗin kada ya ƙara aure muddin ɗaya daga matan na raye, ikilisiyar wurin ta yarda, kuma kada a tilasta masa korar kowace. Sun ga cewa korar tsohuwar da ta yi shekara 30 a ɗakinta zalunci ne. Koyarwar tana nan, mutumin kuma ya samu shiga. Kowace ɗariƙa da tsarinta, na sani, amma barin mutum ya tsufa a bakin ƙofa yana kallon ana cin Jibin Ubangiji abu ne da ya kamata ya hana dattawan ikilisiya barci.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. A ware wa manya ajinsu, a koya musu da baki, a maimaita, kada karatu ya zama sharaɗi. Zumuntar Mata sun daɗe da iya wannan: tsohuwa ta zo, a ba ta wuri a layin waƙa, ta yi ciwo a kai mata kunu har ɗaki. Maza su yi koyi da su. Damina ta zo, matasa su kai wa dattijon gayya a madadin wadda ya rasa.

Fastoci da dattawa, ranar Lahadin nan ku waiga bencin baya. Wanda kuka gani a can shi kaɗai, ku je ku gaishe shi da sunansa, ku tambayi hanyar gidansa.