Tartsatsi a cikin kananzir

Mahaifina maƙeri ne a Birnin Gwari. Na tashi ina zuga masa wuta da gawayin da ake kawowa daga bakin dajin Kamuku, tun kafin shiga dajin ya zama sayar da rai. Don haka ina ganin na san ƙarfe, sai da na je SIWES wani kamfani a Kaduna na ga injin EDM.

Injin nan ba ya taɓa abin da yake sassaƙawa. Jan ƙarfe ake kusantowa dab da ƙarfen, tartsatsin lantarki ya riƙa tsallakawa sau dubbai a daƙiƙa, kowanne ya narkar da ɗan mitsitsi. Duk wannan a nutse cikin kananzir ake yi, shi ke sanyaya wurin ya wanke burbushin. Wasu miji da mata, su Lazarenko, suka ƙirƙiro dabarar a Tarayyar Sobiyet a 1943.

Aikina shi ne kwashe baƙar lakar da ke kwanciya a ƙasan tankin. Oga ya ce in juye a kwata. Na juye, ba sau ɗaya ba. Kwatar kuwa ta bayan gidajen mutane ta bi, inda yara ke wasa. Hayaƙin yana sa min ciwon kai kullum, amma na ja bakina na yi shiru, don sa hannunsa nake nema a littafina. Har yau abin yana cina.

Shi ya sa da lokacin furojet ya zo na zaɓi EDM marar mai. A 1997 Masanori Kunieda na Japan ya nuna cewa iska na iya maye gurbin kananzir: a yi jan ƙarfen kamar bututu, yana juyawa, ana hura iska mai ƙarfi ta cikinsa tana fitar da narkakken ƙarfen. Babu laka, babu fargabar tanki ya kama da wuta, bututun ma bai cika cinyewa ba. Sai dai da iskar gari aikin na da nawa, burbushi kan sake mannewa. Oksijin ke ƙara masa sauri.

Malamina ya gargaɗe ni cewa ba mu da injin gwaji, zane da lissafi kawai zan kare, maki na iya raguwa. Na ce na ji.

Da na yi wa Baba bayani ta waya, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “Wato dai zugazugi suka koma?”

Na ce, “Kusan haka ne, Baba.”