Aljihun matafiyi

Tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Najeriya tafiya kaɗan ce, amma a nan jakar sefa ke komawa naira a hannun ƴan canji. Sau biyu na ga hukuncin manya ya girgiza aljihun matafiyi. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. A farkon 2023 kuwa, bayan Najeriya ta sake takardun naira, masu riƙe da tsofaffin suka rasa mai karɓa.

Shi ya sa ba ni canza fiye da guzurin tafiyata, kuma a gaban mai canji nake ƙirgawa. Rarar kuwa, gara ta zama gero ko tunkiya.