Na'urar da Ba Ta Korar Baƙo

Ranar da muke kwashe kayan ɗakin marigayi Baba a gidanmu na Sawaba, cikin Asokore Mampong da ke gefen Kumasi, na ci karo da wata baƙar leda a ƙarƙashin gado. Cike take da faya-fayai, wasu cikin kwalayensu, wasu tsirara, da sunayensu a rubuce da hannun Yaya. Na zauna a bakin gadon ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na tuna irin wuyar da ya ba mu kafin ya yarda mu ga abin da ke cikinsa.

Na'urarmu ta farko ta VCD ce. Ta shigo gida wajen 2003, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya fara ja da baya. Faya-fayan Hausa daga Kano suke zuwa, daga kasuwar Ƙofar Wambai, cikin kayan fatake. Baba yakan ce kakanninmu sun daɗe suna kai wa Kano goro, yanzu ga Kano tana aiko da tukuici. Faifan VCD ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 80, don haka dogon fim sai an raba shi biyu. Mma ta mayar da wannan doka: idan faifai na ɗaya ya ƙare, kowa ya tashi ya yi isha'i, a kwashe tuwo, sannan a saka na biyu. Tsakar gidanmu kan cika da maƙwabta, Dagomba da Mosi da Fulani, har da wata tsohuwa Ba'asantiya wadda Hausarta ta kasuwa ce, amma idan marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito ba wanda ke riga ta dariya. In faifai ya karce, fuskar Ali Nuhu ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, sai a cire shi, a hura masa iska, a goge da gefen riga, a mayar da bisimilla.

A 2006 Kawu ya aiko daga Bronx ta birnin New York da faifan bikin 'yarsa, auren da Mma ba ta samu halarta ba. Ta gayyaci ƙawayenta, ta soya cincin. Na saka faifan, na'ura ta juya shi, ta juya, ta yi shiru. DVD ne, rubutunsa ya fi ƙarfin idon na'urar VCD. Muka aro ta wani maƙwabci, mai babban suna, wadda aka kawo masa daga Turai. Wannan karon amarya ta fito, amma baƙi da fari, hoton yana rawa. Mma ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ashe ba zan ga launin leshin 'yata ba?" Matan suka watse, cincin ɗin ko rabi ba a ci ba.

Wani mai gyaran talabijin a Aboabo ne ya warware mini zaren. Ya ce hoton Amurka da tsarin NTSC yake tafiya, Ghana kuwa PAL take bi kamar Ingila da Najeriya, kuma tsohuwar talabijin ɗinmu ba ta jin yaren launin Amurka. Da na nuna masa fim ɗin kanti da Kawu ya haɗo da shi, wanda na'urar maƙwabcin ta ƙi buɗewa sam, sai ya nuna mini wata ƙaramar lamba a bayan kwalin. Kamfanonin fim sun yanka duniya shiyya shida: Amurka ta 1, Turai da Gabas ta Tsakiya ta 2, yawancin Afirka tare da Indiya da Rasha ta 5. Faifan wata shiyya ba ya shiga na'urar wata. Abin ya yi mini ciwo, don gidanmu yana da ɗan'uwa a kusan kowace shiyya. Ga kuma Yaya da nasa faya-fayan da ake ƙona masa a kafen intanet, fina-finan Indiya biyar ko shida a faifai guda, an matse su da DivX, waɗanda sai kwamfuta ko na'urar da aka yi wa wannan karatun.

Baba bai ce komai ba sai a watan Janairun 2008, lokacin da Kumasi ta cika da baƙin gasar cin kofin Afirka, ana tururuwa zuwa filin Baba Yara. Wata shida ke nan da canjin kuɗi, Baba yana ta lissafi da tsohon sidi, yana cire sifiri huɗu. Ya ce in ɗauko leda. Ya zaɓi faifai biyar: na Ibro, na bikin, fim ɗin Kawu, na Yaya, da na tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a MP3. Muka hau motar trotro zuwa Adum.

Mai shago ya sauko da wata mai ƙyalli. "Alhaji, wannan ta fi kowace suna."

"Ɗana, ba suna na zo saya ba. Saka wannan tukuna."

Shago uku muka shiga. Wata ta karɓi biyu ta tofar da uku. Wata ta ba da murya babu hoto. A shago na uku aka ciro mana wata siririya 'yar China, mara nauyi, wadda ban taɓa jin sunanta ba. Ta buɗe Ibro. Ta buɗe tafsiri. Ta jero fina-finan Yaya. Ba ta tambayi fim ɗin Kawu daga wace shiyya ya fito ba. Da aka zo kan na bikin, mai shagon ya danna wani maɓalli da ke juya hoton zuwa PAL. Baba bai yi dogon ciniki ba.

A hanyar dawowa, kwalin yana kan cinyata, ya dafa shi ya ce, "Wannan 'yar Zango ce." Ya ce zango wurin saukar ayari ne, kuma mai masaukin kirki ba ya tsayar da baƙo a ƙofa yana tambayarsa asalinsa, shimfiɗa yake fara yi masa. A daren nan matan suka dawo. Leshin amarya ruwan zuma ne, gwaggwaronta kore. Mma ta matsa har gaban gilashi tana share hawaye, tana kiran sunayen dangin da ta shekara goma ba ta gani ba.

Ita ma 'yar Zangon tsufa ya cim mata. Da wayoyi suka yawaita, aka koma tura fim ta filashi, sai ta riƙa nuna sunan fayil ta kasa buɗe shi. A nan na gane cewa AVI da MP4 da MKV huhu ne kawai, goron da ke ciki shi ne magana. Sabon matsi irin H.264 an ƙirƙiro shi ne don ƙwaƙwalwar da ta fi tata. Ta ci gaba da hidimar tsoffin faya-fayai har 2015, a tsakiyar ɗauke-ɗauken wutar da ake kira dumsor, wata dawowar wuta ta ƙona ta.

A ƙasan ledar akwai wani faifai da Yaya ya rubuta wa "Walimar Alhaji". Na dawowar Baba daga Makka ne, kuma shi kaɗai ne wurin da muryarsa ta rage mana. Babu abin da zai karanta shi a gidan yanzu, wayoyinmu ba su da ƙofar faifai. Ranar Asabar na ɗauki ledar na nufi Aboabo. Mai gyaran yana nan, gemunsa ya yi fari, tsoffin na'urori jibge a bayansa. Ya miƙo mini ɗaya, ya ce ta fi sauran suna. Na kwance bakin ledar na ce, "Baba, saka wannan tukuna." Da faifan ya fara juyawa, na kira Mma na ce ta aika wa maƙwabta, yau bayan isha'i akwai kallo.